Baffanmu Ƙanzo

Mai awara ce ta fara gaya mini. 'Yar Mungyeong nake nufi, matar Man-ho, wadda take kawo mini awara da ɗuminta duk Talata da Juma'a. Ran nan ta dire kwanon a bakin dandamali, ko takalmi ba ta cire ba, ta ce, "'Yar Punggi, kin ji ƙanin mijinki ya sa karenmu a kwamfuta?"

Na ce, "Wace kwamfutar?"

"Ta littafin zuri'a mana. Guda nawa gare mu?"

Ina ferar kanya ne lokacin, zan rataye ta ta bushe. Sai da na ajiye wuƙar.

Dole in ɗan koma baya, don ku san abin da ya sa na ajiye wuƙar nan. Mu nan Baetgol gida talatin da huɗu ne, kuma duk Yeom ne. Muna da littafin zuri'a da ake sabuntawa duk bayan shekara talatin. Kowane namiji yana ciki da sunansa, da hawansa daga kakan farko, da ranar da aka haife shi, har da gefen dutsen da aka binne shi. Mu da aka auro kuwa, ga abin da aka rubuta kusa da sunan marigayi mijina: "Matarsa, daga gidan Ok." Iyakarsa ke nan. Shekara hamsin da bakwai ina dafa wa kakanninsu abinci, ina goge kwanukan tagulla har yatsuna suka lanƙwashe, amma a littafi ni "daga gidan Ok" ce, kamar tukunyar aro. A gari ma ba mai kiran sunana. Kowace mace da garin da ta fito ake kiranta.

Bana shekara talatin ta cika. Jikata Na-rae tana aiki a Pangyo, inda suke gina abin da take kira rumbun bayanai. Ta ce ita za ta kwashe tsohon littafin kaf ta zuba a kwamfuta, daga nan masu ɗab'i su buga sabo. Da ta zo hutun bikin girbi, muna cin abinci, na tambaye ta yadda abin yake, don ni aji uku na yi a makaranta aka mayar da ni gona.

Ta nuna teburin da tsinken cin abincinta. "Kaka, ga shinkafa. Ga kimci da kwanonsa, ga alayyafo da nasa, ga kifi da nasa. In baƙo ya zo kika ƙara kwano ɗaya, shinkafar ta canza?"

"Me zai canza ta?"

"In ɗaya ya lalace fa?"

"In ɗauke shi in ba kaji."

"To haka na gina shi. Tsohon littafi shi ne shinkafar, ba mai taɓa shi. Duk abin da ake so a ƙara, sai a yi masa kwanonsa a ajiye a gefe. Kuma kwanon farko da na yi, na sunayen matan aure ne."

Na ƙara mata kifi. Kwana uku ni da mai awara muna bi gida gida da ɗan littafin rubutu, muna tambayar tsofaffi sunan uwa da sunan kaka. Muka samo ɗari biyu da goma sha biyu. Na-rae ta shigar da su da hannunta. Ta ce in zo in ga nawa, na ce ta bari. In za a gani, a gani a gaban mazan.

Wanda yake cewa a yi ko a bari shi ne Tsoho Pan-seok, magajin babban gida, mai shekara tamanin da shida. Ya saurari Na-rae har ta gama, sannan ya ce, "Ranar gaisuwar kakanni, wata na goma, a haska a bango mu gani. In abin ya yi tsari, a buga yadda yarinyar ta shirya, har da na matan. In kuwa na ga wasa a ciki, ko ƙanƙani ne, a kwafe tsohon yadda yake. A sake maganar bayan shekara talatin."

Shekarata saba'in da tara. Ku ƙirga da kanku.

To sai ga Dal-su, ƙanin mijina, Baban Gi-tae. Ba mugu ba ne, bakinsa ne kawai ya riga shi girma. Ya yi shekara goma sha biyu a wani kamfanin kwamfuta a Seoul, kuma ba wanda bai ji wannan ba, har mai kawo wasiƙu. Abin da ba ya faɗa shi ne a ƙofar wurin ajiye motoci ya yi su, yana ɗaga sanda yana saukewa. Na-rae tana neman wanda zai riƙe kwamfutar a zauren gari, in an yi haihuwa ya shigar. Ba ta rufe baki ba hannunsa yana sama.

Ta nuna masa yadda ake shigar da jariri. Ya nace, ta nuna masa yadda ake yin sabon kwano.

"Kaka ƙarami, abu uku kawai. Kwano ɗaya, abu ɗaya. Kada ka ɗaure kwano da kwano. In kana shakka ka kira ni."

"Yarinya, lokacin da nake kamfanin kwamfuta ko haƙori ba ki da shi. Wato dai komai ana iya ƙarawa?"

"Ana iya, amma..."

"Shi ke nan. Komai ana iya ƙarawa."

Kalmar "amma" ɗin nan ta faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauke ta. Na-rae ta koma Pangyo. Tsoho Pan-seok kuma ya tafi Daegu wurin 'yarsa a duba masa gwiwa. Gari ya zama na Dal-su.

Shi ya sa da mai awara ta kawo labarin kare, na wanke hannu na nufi zauren gari. Na tarar ya yanki kwali ya rubuta "Ofishin Bunƙasa Bayanai" ya manna a ƙofa. Ya sa kwat ɗin da ya je bikin kammala karatun Gi-tae da ita, ga tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Mutum shida suna layi.

"Matar yaya, shigo ki ga tarihi. Baetgol gaba ɗayanta za ta shiga akwatin nan. Nan da baɗi daga Seoul za a riƙa zuwa koyo."

"Baban Gi-tae, me kare yake yi a littafin kakanninku?"

"Ba a littafi yake ba, a kwanonsa yake. Hukuma ta aiko a yi wa karnuka allura, sai na yi musu kwano. Tsari ke nan."

"Ka rubuta shi me?"

"Abin ya tambaye ni, ɗan wane ne? Na ce ɗan Man-ho."

Daga baya Na-rae ta gane abin da ya yi. Shigar da jariri kaɗai ya riƙe a kansa, don haka duk kwanon da zai yi, wannan yake kwafa. Kowane abu sai an ba shi uba, da ranar haihuwa, da ranar mutuwa in ya mutu.

Na ce, "Kare ɗan Man-ho?"

"Wa yake ciyar da shi? Gidan wa yake kwana? Gi-tae ɗana ne na cikina, shekara uku bai kwana gidana ba. Ƙanzo ya fi shi cika sharaɗi."

Ƙanzo ne sunan karen, saboda launinsa. 'Yan layi suka yi dariya, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Kafin mako ya ƙare ya yi kwano goma sha huɗu. Taraktar da gida uku suke karɓa-karɓa da ita ta shiga, ɗan wanda ya sayo ta. Tulunan kimci na matan gari suka shiga. Ya yi kwanon gwauraye, wai don a san waɗanda za a nema wa mata. Ya yi na samarin da lokacin shiga sojansu ya yi. Sai tsohuwar kanyar bakin rafi, wadda gida biyar suke faɗa a kan rassanta duk shekara. Kowa ya san kakan hawa na goma sha takwas ne ya dasa ta. Dal-su ya rubuta ta ɗan wannan kakan.

Na leƙa ta kafaɗarsa. "Wurin nan da ka bari ba komai fa?"

"Ranar mutuwa ce. Ta mutu ne? Ba 'ya'yanta kike fera ba?"

Da abin bai ishe shi ba, ya jawo waya ya haɗa kwamfutar da lasifikar gari, wadda take kan falwaya, da ita ake sanar da rabon taki da rasuwa. Bayan kwana biyu ina shanya barkono da hantsi, sai muryar wata mace mai sanyi ta cika kwarin: "Jama'ar Baetgol, yau Yeom Tarakta ya cika shekara goma sha tara. Bai je gwajin shiga soja ba."

Mai awara ta leƙo ta kan katanga. "A kai shi mana. Wataƙila su gyara masa birki."

Na shiga ɗaki na kira Na-rae. Ta yi dariya har ta sarƙe.

"Kaka, kwantar da hankalinki. Ba zai iya taɓa shinkafar ba. Zan zo da sassafe ranar, in ɗauke kwanukansa kafin a fara."

"Ki zo jajibere."

"Ba zan samu ba, muna da aiki. Ƙarfe takwas ina gabanki."

Na koma wurin Dal-su na ce ya bar abin haka nan, ya kuma cire wayar lasifika. Ya dafa ƙirji ya ce ba zai ƙara kwano ko ɗaya ba. Ya cika alkawari kuwa, bai ƙara ba. Washegari ya tare ni a hanya fuskarsa tana sheƙi.

"Matar yaya, na gano kuskuren yarinyar nan. Ta bar kwanukan a warwatse, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na ɗaure nawa duka goma sha huɗun. Wannan ya gama magana ya miƙa wa wancan. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya."

"Ba shi ne abin da ta ce kada ka yi ba?"

"Yaran yanzu ba su san haɗin kai ba."

"Na sunayen matan fa?"

"Wannan ban taɓa ba. Aikin mata ne."

Ban taɓa jin daɗin raini irin na ranar ba.

Ranar gaisuwar kakanni ta zo, ganyen duwatsu ya yi ja jawur, kuma duk mai mota a ƙasar nan ya fito kallonsa. Ƙarfe takwas Na-rae ta kira ta ce tana kan babbar hanya, motoci ko motsi ba sa yi. Ƙarfe tara ta ce ta matsa kaɗan. Ƙarfe goma ake farawa, kuma Tsoho Pan-seok bai taɓa barin kakanni suna jira ba.

Zauren kakanni ya cika. 'Yan uwa sun zo daga Busan, daga Ulsan, maza kusan saba'in cikin fararen riguna da baƙaƙen huluna. An jera teburi: kanya, tuffa, wainar shinkafa hawa hawa, naman sa, da busasshen kifi ƙato a gefe. Mu mata muna tsaye a waje ta wajen madafi, muna leƙe ta ƙofofin da aka buɗe, don ranar ba ma tsallake dokin ƙofa. Farin zanen da aka rataya a bango don haskawa nawa ne, ni na goge shi.

Na jawo hannun rigar Dal-su. "Ka jira ta. Ka ce wuta ce babu."

"Matar yaya, yau ranata ce. Ko mai kiran suna ba a bukata, na'ura za ta kira."

Ga yadda muke yi. Magajin gida ya zuba ƙoƙon farko, ya koma gefe ya tsaya. Sai a kira rayayyu ɗaya bayan ɗaya, daga wanda ya fi kusa da kakan farko. Ba a duba shekaru, hawa ake dubawa. In aka kira wanda ya fi ka hawa, ka sunkuyar da kai, ba ka ɗagowa sai ya iso gaban teburi. Babban gida kuwa su suke riga kowa haihuwa, don haka su ne a ƙasa. Tsoho Pan-seok hawa na ashirin da takwas ne, daidai da mijina da Dal-su. Man-ho mijin mai awara shekararsa sittin da ɗaya, amma na ashirin da shida ne, Tsoho Pan-seok Kaka yake ce masa, kuma bai taɓa tsallakewa ba ko a kasuwa.

Tsoho ya zuba ƙoƙonsa. Dal-su ya gyara tabarau duka biyun, ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya danna.

Muryar nan mai sanyi ta fito daga kan falwaya. "Yeom Kanya. Hawa na goma sha tara."

Huluna saba'in suka yi ƙasa a tare. Ba a taɓa jin hawa irin wannan a raye ba.

"Shekara ɗari uku da goma sha biyu. Yana raye. Bai yi aure ba."

Kafaɗun 'yan gari suka fara rawa. Wani daga Busan ya raɗa wa na kusa da shi, "Ko cikin waɗanda suka yi ƙaura tun zamanin da ne?"

Tsoho Pan-seok, kansa a ƙasa, ya ce, "A ba dattijo hanya."

Mai awara ta ce a kunnena, "Sai dai a kai masa ƙoƙon bakin rafi. Ba ya fita."

Muryar ta ɗan jira, ta ce, "Bai zo ba. Yeom Man-ho, hawa na ashirin da shida."

Man-ho ya fito gumi yana zuba, ya zuba ƙoƙonsa, ya koma. Na ce a raina, wataƙila mu tsira da kanya kaɗai.

"Yeom Ƙanzo. Hawa na ashirin da bakwai. Ɗan Man-ho."

Man-ho 'ya'ya mata uku gare shi, kowa ya sani. Baƙi suka fara kallon juna ta ƙarƙashin hula. Tsoho Pan-seok ya ɗan karkata wajensa, murya ƙasa ƙasa. "Kaka, ashe akwai namiji ka ɓoye mana?"

"Ba haka ba ne..."

"Ba wurin tone-tone ba ne nan. Jini jini ne." Ya ƙara sunkuyawa.

Ita lasifikar nan har bayan dutse ake jin ta. Ƙanzo yana kwance a ƙofar gidansu ya ji an kira shi daga sama, da babbar murya, abin da bai taɓa samu ba. Muka ga ya shigo tsakar gida a guje, ya hau matakala, ya bi ta tsakiyar sahu. Ba ka jin komai sai ƙas ƙas ɗin farcensa a kan katako. 'Yan gari sun gane, amma ba mai ikon ɗago kai, ai ya fi su hawa.

Tsoho Pan-seok ya ji an tsaya a gabansa. Ya miƙa hannu biyu wajen teburi cikin ladabi. "Baffa, ga wuri."

Baffa bai yi fulako ba. Ya ɗora ƙafafun gaba a kan teburi, ya zaɓi busasshen kifin nan, ya juya ya fita yadda ya shigo, wutsiya tana kaɗawa.

"An yi masa allurar haukan kare," in ji muryar.

Tsoho ya ɗago. A kan zanena ga hoton Ƙanzo harshe a waje, a ƙarƙashin sunan Man-ho, hawa ɗaya sama da Yeom Pan-seok.

"Ƙaramin abu ne," in ji Dal-su. "A kamfani kullum muna ganin irinsa."

Ya danna don ya kashe kwanon karnuka. Da yake ya ɗaure su, wannan yana yin shiru sai ya tashi na gaba. "Yeom Tarakta, bai je gwajin shiga soja ba." Ya sake dannawa. "Gwaurayen zuri'a. Na ɗaya, Yeom Kanya. Na biyu, Yeom Ƙanzo. Na uku, Yeom Gi-tae."

Gi-tae, wanda ya zo daga Ulsan da safen nan, ya ce daga sahun baya, "Baba, har kare ya riga ni?"

Dal-su ya duƙa ya fizge waya daga bango. Tukunyar shinkafa ta lantarki da ke madafi ce ta mutu. Muryar ta shiga jera tulunan kimci, kowanne da ubansa. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ruga ya tsaya a gaban zanen ya buɗe hannuwa don ya kare. Hoton ya dawo kan farar rigarsa. Ga Ƙanzo a kan tumbin Dal-su, harshen daidai cibiya, yana hawa yana sauka da numfashinsa.

Nan sahu ya watse. Tsofaffi masu jikoki suna riƙe da ciki, wani hularsa ta faɗi. Tsoho Pan-seok kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, ya ce a hankali, "A kashe. A kawo tsohon littafi."

Sai na dafa bango.

A daidai nan Na-rae ta shigo tsakar gida tana haki, takalma a hannu. A bakin gada ta bar motar ta ƙarasa da ƙafa. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Kaka babba, a ba ni minti biyu."

"Na ga abin da zan gani."

"Ba ku ga littafin ba tukuna. Kwanukan da aka jera masa kuka gani."

Kafin ya sake magana, Gi-tae ya miƙo mata kwamfutar har bakin ƙofa. Ta duba, ta dubi Dal-su. "Kaka ƙarami, ka ɗaure su."

"Don ƙarfi."

"Ka sauƙaƙa mini." Ta ja ɗaya, duka goma sha huɗun suka biyo shi, kamar an ja zaren busasshiyar kanya. Muryar ta ɗauke. Kare ya ɓace daga cikin Dal-su. Da ya matsa gefe, ga zuri'a a bango tsaf, hawa bayan hawa, ba tarakta ba tulu.

Tsoho ya sa aka buɗe tsohon littafi. Ya duba wuri uku, yana bi da yatsa, ya ɗaga kai ya duba bango. Ko ɗigo bai bambanta ba.

"Bai taɓa shi ba?"

"Ba zai iya ba. Na san danginmu. Sai da na rufe tukunyar kafin in ba shi cokali."

"Ai abin da nake shirin yi ke nan ta shigo," in ji Dal-su. Ba wanda ya kula shi.

"Saura kwano nawa?" in ji Tsoho.

"Ɗaya. Na sunayen mata."

"Shi ma ƙari ne?"

Na-rae ba ta iya ƙarya ba, a wurina ta gado. "Ƙari ne."

"A cire. Yau na ga inda ƙari yake kai mutum."

Ban san lokacin da ƙafata ta tsallake dokin ƙofar ba. Na dai ga kaina a tsakiyar maza saba'in, da ludayi a hannu.

"Yaya babba, ina da magana."

"'Yar Punggi, koma waje."

"Zan koma. Sunan kare ya hau bangon nan har da hotonsa. Kun sunkuya masa, kun ce masa Baffa. Bai taɓa goge kwanon tagulla ko ɗaya ba, kifinku ma ya tafi da shi. Ni na sayo kifin. Zanen da aka haska shi a kai ma nawa ne. In bangon nan ya ɗauki Ƙanzo bai tsage ba, ina ganin zai iya ɗaukata."

Wani ya yi tari. Na ci gaba.

"Kuma ko a madafi ba a zubar da kwano sai an buɗe an ga abin da ke ciki."

Na-rae ba ta jira izini ba, ta danna. A gefen kowane namiji, inda a da aka rubuta daga gidan wane, sunaye suka fito, ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, har can sama. Tsoho Pan-seok ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya tsaya a wuri ɗaya, kusa da sunan mahaifinsa. Ya taka da gwiwar nan tasa har gaban zanen. Ya miƙa hannu ba tare da ya waiga ba, Dal-su ya cire tabarau ɗin goshi ya ba shi.

"Ham Geum-sil," ya karanta. Ya daɗe a tsaye. "Wa ya ba ku wannan?"

Na ce, "Ita. A bakin rafi muna wanki, shekarar da aka kawo ni. Ta ce in riƙe mata, kada ya ɓata."

Ya sake karantawa, wannan karon leɓensa kawai ya motsa. Sannan ya cire tabarau ya goge da hannun riga, alhali ba shi ne ya jiƙe ba.

"A bar wannan," ya ce. Ya juya wajen Dal-su ya mayar masa da tabarau. "Kai kuma baɗi a ƙofa za ka tsaya, kada wani baffa ya sake shigowa. An ce ka ƙware."

"Shekara goma sha biyu," in ji Dal-su, kafin ya tuna ya kama bakinsa.

Sai da aka ci gaba da kiran suna da bakin mutum, sannan na nemi nawa daga bakin ƙofa. Karatuna a hankali yake, sai na bi baƙi ɗaya ɗaya. Yana can ƙasa ta hagu, kusa da inda dutsen guga ya taɓa ƙona zanen. Ok Bun-i. Ban san gajere ne haka ba.

Washegari da safe na tattara ƙasusuwan naman san da ya rage, na tafasa su, na zuba a tsohon kwano na nufi gidan mai awara. Ƙanzo yana kwance a ƙofa, warin kifi yana tashi daga jikinsa. Na ajiye masa da hannu biyu, na ɗan rusuna yadda bayana ya yarda, na ce, "Baffa, a ci lafiya."

Mai awara ta fito da matacin awara a hannu tana dariya. Ni na rubuta nata sunan a ɗan littafin nan, don haka na san shi.

Na ce, "Ina kwana, Chun-hui."

Sai da ta waiga bayanta ta ga wa ake kira.